Likita ɗaya, layi har bakin ƙofa: amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum jama'a, tambayoyi sun taru, yau zan ɗauki guda uku.

Wata baiwar Allah daga wani ƙauye a Jigawa ta ce ta kai mahaifiyarta babban asibiti tun bayan asuba, sai bayan la'asar suka ga likita, kuma yaro ne ƙarami, anya ba ɗalibi ba ne?

Hajiya, in dai likita ne to ya yi karatun shekara 6, ya ƙara shekara 1 yana aiki a ƙarƙashin manya kafin hukumar MDCN, mai kula da aikin likitoci a Najeriya, ta ba shi cikakken lasisi, da yawansu ma masu bautar ƙasa ne aka turo. Damuwata ba ƙuruciyarsa ba ce, shi kaɗai aka bari. Wallahi sai ki ga ya kwana a ɗakin haihuwa da mai jijjiga, gari na wayewa ya wanke fuska ya zo ya tarar da katuna jibge a tebur, ga na kwance suna jiran zagaye, abokan karatunsa kuma wasu sun tafi Saudiyya, wasu Ingila, wasu sun koma asibitocin tarayya inda albashi ya fi tsoka. Ki taimaka masa, ki riƙa zuwa da tsohon kati da kwalayen magungunan da Mama ke sha.

Wani malam daga karkarar Kano ya ce sha-ka-tafin garinsu babu likita, wa za su kama, ciyaman ko gwamna?

Malam, sha-ka-tafi dama yawanci jami'an lafiyar al'umma ne da ungozoma ke riƙe da shi, yana ƙarƙashin hukumar lafiya matakin farko ta jiha tare da ƙaramar hukuma. Babban asibiti kuma a Kano na hukumar kula da asibitoci ta jiha ne, Asibitin Malam Aminu Kano da na Birnin Kudu a Jigawa kuwa na tarayya ne. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya na tushe, saboda haka kuna da haƙƙin tambaya. Ku zauna da kwamitin lafiya na mazaɓarku, ku rubuta abin da babu, dagaci ya sa hannu, ku kai wa ɗan majalisarku na jiha tunda a can ake amincewa da kasafin ɗaukar ma'aikata. Ku riƙe kwafi.

Na ƙarshe ya ce in NARD, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, ta shiga yajin aiki kuma maganin hawan jinin Baba ya ƙare fa?

Don Allah kar a tsayar da maganin. A sayi irinsa a kantin magani mai rajista, a riƙa auna jini a sha-ka-tafi. In baki ya karkace, ko ɓarin jiki ya saki, ko ƙirji ya riƙe, a nemi mota a tafi sashen gaggawa nan take ko da tsakar dare ne.