Tiyon numfashi da salansar tsohuwar Marsandi

Malam, ka ce tiyon numfashin injin 300D ɗinka ya tsage, salansa kuma ta ruɓe. Fara da tiyon. Shi ke kwashe tururin baƙin mai daga murfin injin zuwa hanyar iska. Kada makanike ya toshe shi, don iskar da ke taruwa a cikin injin za ta matsa wa sil, wato robobin da ke tare mai, har mai ya riƙa yoyo. Tiyon ruwa ma bai yi ba, mai yana kumbura shi. Nemi mai jure mai a Sabon Gari, ka ɗaure da kilif tun kafin ƙurar hunturun Zariya ta shiga ta tsagar.

Salansa kuwa, ni na fi son ta Beljiyam, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, mai faɗin ta asali. Ƙuntatacciya tana shaƙe injin dizal.