Fitilar Tom Dixon ko ta kwaikwayo? Amsoshin wannan makon

Tambaya ta farko daga wata 'yar uwa ce mazauniyar Birmingham. Tace: "Anti dan Allah a bani shawara, mun koma sabon gida naga wata fitilar rataye ta Tom Dixon mai suna Beat, baƙa ta waje ciki kamar zinare, na ƙyasa sosai amma kuɗinta ɗaruruwan fam, sai naga irinta sak a intanet da araha, maigida kuma yace ai tukunya ce kawai aka kife aka rataye. Wacce zan saya?"

Toh 'yar uwa, ki gaida min maigidan naki, wlh bai yi ƙarya ba, tukunyar ce. Shi Tom Dixon ɗin, mai zana kayan gida na Birtaniya, daga tukwanen girki da tulunan ɗiban ruwa na tagulla da ake amfani dasu a Indiya ya ɗauko siffar, kuma maƙeran garin Moradabad a arewacin Indiya, garin da ya shahara da aikin tagulla, su suke bugunta da guduma da hannu, shiyasa ma aka sa mata Beat wato bugu. In kin leƙa cikinta zaki ga 'yan lotse-lotse birjik, kowanne sawun guduma ɗaya ne, kuma ba ado bane kawai, su suke farfasa hasken ya sauko a tausashe ruwan zuma-zuma akan teburin cin abinci maimakon ya dalle miki ido. Duk wanda ya taɓa riƙe tiren tagulla na Bida yasan abinda nake nufi, hannu yana jin bambancin kafin ido ya gani. Tom Dixon ɗin nan fa ba makarantar zane ya gama ba, a Sfax ta Tunisiya aka haife shi a 1959, ya taso a Ingila, da walda ya fara yana haɗa kujeru da ɓaraguzan ƙarfe, sai 2002 ya kafa kamfani da sunansa, so son ƙarfe da alamar hannun maƙeri a jininsa yake.

Ita ta kwaikwayon yawanci ƙarfe ne mara kauri ko alminiyam aka fesa masa fenti ruwan gwal, lotsawar ma inji ne ya buga, duk iri ɗaya a jere kamar an auna da ruula. Ki tafi da mayen ƙarfe, in ya manne toh ba tagulla bace, in bai manne ba kuma kika ji ta sakayau kamar murfin tukunya toh alminiyam ce. Ni dai ra'ayina, in guda uku kike son jerawa a kicin kuma aljihu bazai ɗauka ba, ki sayi ta asali guda ɗaya ko da ta hannu ce, ki rataye ta ƙasa-ƙasa saman tebur inda mai zama zai ga cikin, dan in kika manna ta can jikin silin kin biya kuɗin aikin da babu mai gani. Kwan fitilar kuma ki sa mai ɗumi, 2700K, farin nan fat irin na asibiti kashe mata kyau yake.

Na biyu wani ƙanina ne ɗalibi a Leeds, zai dawo Kano, yana tambaya ko fitilar karatu ta Anglepoise ta cancanci wuri a akwati, kuma zata yi aiki da wutarmu?

Zata yi, Najeriya da Birtaniya filogi iri ɗaya ne mai ƙafa uku, ƙarfin wutar ma 230 ne, sai dai ka haɗa ta da sitabilaiza saboda halin NEPA ka sani. Ita ma'anarta a sifirin ɗinta take. George Carwardine da ya ƙirƙiro ta injiniyan mota ne mai aikin sifirin, a farkon shekarun 1930 ya gano yadda zai sa hannun fitila ya tsaya cak duk inda ka ajiye shi ba tare da ɗaure noti ba, kamar gwiwar hannun mutum, samfurin 1227 ya fito a 1935 kuma har yau ana yinsa. Akwai samfurin Type 75 wadda Paul Smith, mai zana tufafi ɗan Birtaniya, ya yiwa kala-kala, kyakkyawa ce amma kuɗin kalar zaka ƙara, hasken ɗaya ne. Gindinta nauyi gareshi, ka auna kilonka tukuna.

Wata kuma ta turo hoton kujerun Yinka Ilori tace wai wannan ba fenti bane kawai aka lafta? A'a hajiya. Ɗan Landan ne iyayensa 'yan Najeriya, ya fara ne da tsintar tsofaffin kujeru da aka yar yana gyarawa, kowacce ya ɗora mata labari daga karin maganar Yarbawa da yaji a gida, kalolin kuma daga atamfa da leshin da iyayensa suke sawa zuwa coci da biki. Yadda mu muke sanin atamfa da sunanta haka shima kujerar take da abinda take faɗa. Amma gsky irin wannan guda ɗaya ake sawa a falo, bango fari, labule mara hayaniya, in falonki already cike yake da kafet mai fulawa da kushin mai zaiba toh faɗa zasu dinga yi, gara ki fara da filo ko farantinsa guda biyu ki gani ko idonki zai jure.