Saƙon kuskure ya ƙi shiga fayil: lamba 2 ce ba ka kama ba

Ɗan'uwa, ka ce ka rubuta `make > log.txt`, amma kurakuran sai zubowa suke a allo, fayil ɗin kuwa babu ko ɗaya. Ba abin da ya lalace, ba kuma laifin make ba ne, wato umarnin da ke harhaɗa manhaja. Manhaja tana da ƙofofin fita biyu: lamba 1 ta sakamako, lamba 2 ta kurakurai. Alamar `>` ita kaɗai lamba 1 take tarewa.

A bash, zsh da sh (nau'o'in shell ne, wato manhajar da ke karɓar umarnin da kake rubutawa) rubuta `make 2> err.txt`. In kana so sabo ya hau bayan tsoho ba tare da gogewa ba, sa `2>>`. In sakamako da kurakurai duka biyun kake so a fayil ɗaya:

`make > log.txt 2>&1`

Nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Ana karanta layin daga hagu zuwa dama, kuma ma'anar `2>&1` ita ce lamba 2 ta bi inda lamba 1 take a daidai wannan lokacin. Da za ka juya ka rubuta `2>&1 > log.txt`, ai lokacin lamba 1 tana kan allo, can kurakuran za su ci gaba da fita. Kar kuma ka mance da `&` ɗin: `2>1` fayil zai buɗe maka mai suna 1.

Gajeriyar hanyar nan `&>` tana aiki a bash da zsh, amma ban ba ka shawarar sa ta a aikin cron ba, wato manhajar da ke tada umarni da kanta a lokacin da aka tsara, domin da /bin/sh take tada shi. A Debian da Ubuntu /bin/sh wani shell ne mai suna dash, shi kuwa tura umarnin zai yi bayan fage, ya bar maka fayil fayau.

csh da tcsh, su ma nau'o'in shell ne, ba su san `2>` ba sam. Za su miƙa wa manhajar 2 ɗin kamar wani ɓangare na umarninka. Can `>&` ke kwashe duka biyun, rabawa kuma sai da dabara: `(make > out.txt) >& err.txt`.

A cmd na Windows `2>` da `2>&1` duk suna nan, zubarwa kuma `2>nul`. PowerShell, wani shell ɗin na Windows, yana da `2>$null`, da `*>` mai kwashe komai. Sai dai a sigar 5.1 ta PowerShell fayil ɗin da tsarin adana haruffa na UTF-16 yake fitowa, shi ya sa grep, umarnin neman kalma a fayil, ke kasa samun kalma alhali ga ta kana gani. Sigar 7 UTF-8 take rubutawa.

In kana son gani a allo kuma ka adana, `make 2>&1 | tee log.txt` ya wadatar.