Sun sa ɗana ajin Sifaniyanci a New York alhali Hausa yake ji

Tambaya: Barista, bana muka zo Bronx daga Nijar. Ɗana mai shekara takwas Hausa yake ji sai ɗan Faransanci, amma makarantar gwamnati ta sa shi ajin da ake koyarwa da Sifaniyanci da Turanci. Kullum haka yake dawowa bai fahimci komai ba. Ina da ta cewa?

Amsa: Hajiya, kina da ta cewa ƙwarai, kuma kada ki bari zangon karatu ya ƙare yaron yana zaune a ajin nan.

Irin wannan aji da gumi masu jin Sifaniyanci suka samo shi. A Texas, dokar 1918 ta wajabta koyarwa da Turanci zalla, har ana hukunta 'ya'yan 'yan asalin Meziko idan aka ji sun yi yarensu ko a filin wasa. Sai a 1968 majalisar Amurka ta yi dokar tallafa wa koyarwa da harshe biyu. A 1974 ƙungiyar ASPIRA ta 'yan Puerto Rico, bayan ta maka hukumar ilimin birnin New York a kotu, ta sa aka rattaba hannu kan yarjejeniyar da ta kafa azuzuwan da ɗanki ya faɗa ciki. An yi su ne domin yaro ya ci gaba da lissafi da kimiyya da harshen gidansu kafin Turancinsa ya nuna. Ga ɗanki kuwa abin ya juye: harsuna biyu aka ɗora masa, babu nasa ko ɗaya.

Madogararki ita ce shari'ar Lau da Nichols, ita ma a 1974. Yara 'yan asalin Sin kusan 1,800 ne a San Francisco suke zaune a aji ba sa jin malami. Kotun Ƙoli ta ce ba su littafi ɗaya da malami ɗaya da sauran yara bai zama adalci ba muddin ba sa fahimtar abin da ake faɗa. Wannan hukunci ya shafi kowane yaro, Bahaushe ne ko Basine.

Ki fara da neman ganin takardar tambayoyin harshen gida da aka cike ranar rajista, don wani lokaci nan kuskuren yake. Daga nan ki rubuta wa shugaban makarantar, a rubuce ba da baki ba, ki ajiye kwafi. Ki ce ba ki amince da ajin harshe biyu ba, a mayar da yaron aji na Turanci tare da darasin da suke kira ENL, wato Turanci a matsayin sabon harshe. Ƙa'idar jihar New York ta ba uwa ikon ƙin ajin harshe biyu, amma ENL dole ne ga duk yaron da gwaji ya nuna yana bukata. Ki kuma nemi tafinta na Hausa ko Faransanci. Kyauta ne, kuma bai kamata a mai da ɗanki tafintanki ba.

Ajin Hausa da Turanci fa? A ƙa'ida ana buɗewa idan an samu yara 15 masu harshe ɗaya a azuzuwa biyu da ke jere a firamare. Gaskiya samun adadin da kuma malami mai lasisi yana da wuya, don haka kada ki jira wannan.

Na san abin da ke hana iyaye da dama buɗe baki: takardun zama. Tun hukuncin Plyler da Doe na 1982, makarantar gwamnati ba ta da ikon korar yaro saboda shi ko iyayensa ba su da takardu.

Idan shugaban makaranta ya yi shiru, ki kai kuka ofishin mai kula da makarantun gundumarku, sannan ma'aikatar ilimi ta jiha. Ƙorafi ga ofishin kare haƙƙin jama'a na ma'aikatar ilimi ta tarayya yana da wa'adin kwana 180 daga ranar da abin ya faru, saboda haka ki rubuta ranar da aka sa shi ajin tun yau.