Amsa: Shirin Dark ya cancanci a ɓata masa lokaci?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko shirin Dark na Netflix, wanda Jamusawa suka yi daga 2017 zuwa 2020, ya cancanci kallo ko ruɗani ne kawai. Ya cancanta ƙwarai. Ƙarfinsa shi ne ba ya karya dokar da ya kafa wa kansa: kogon da ke garin Winden yana haɗa shekarun 1953 da 1986 da 2019, tsakanin kowace da mai bi mata shekara 33, kuma duk wanda ya koma baya don ya gyara wani abu, sai ka tarar shi ne sanadin faruwarsa. Ga iya zaɓen 'yan wasa. Da ka ga Claudia da idanunta masu launi daban-daban, ko Helge da tabon kunnensa, ka gane su, ko suna yara ko sun tsufa.

Sai dai da sharaɗi: ba shirin da ake kallo ana danna waya ba ne. Ni sai da na zana asalin gidajen nan huɗu a takarda, wato Kahnwald da Nielsen da Doppler da Tiedemann, sannan na daina ɓata. Rauninsa ya fi fitowa a zango na uku, inda aka ƙaro wata duniyar, mutane suka yi yawa, kowa ya buɗe baki sai dogon jawabi kan ƙaddara, har ya fara gundura. Ba raha ko kaɗan. In kana neman abin hutawa bayan aiki ne, ajiye shi sai ƙarshen mako.