Rediyon Honda ya kulle bayan an cire batir

Ɗan uwa da ya ce bakanike ya canza masa batir a Accord ƙirar 2005, yanzu rediyo da allon taswira sai rubuta CODE suke yi, sannu da fama. Rediyonka bai lalace ba. Kamfani ne ya yi shi haka saboda ɓarayi, da zarar wuta ta yanke masa sai ya kulle kansa. Mu kuwa a Sakkwato, yadda zafin bazara ke cinye batir, kusan duk mai Honda 'yar Kwatano sai ya gamu da wannan.

Don Allah ka daina danna lambobin kame-kame. Idan kuskure ya yi yawa zai rubuta ERR ya ƙi karɓar komai, sai ka bar shi a kunne wajen awa guda kafin ya sake sauraronka.

Fara leƙa durowar gaban fasinja. Sau da yawa akwai 'yar farar takarda mai ɗauke da CODE ɗin, wato lambar buɗewa, manne a gefenta ko cikin littafin motar. Rediyo da taswira kowanne da nasa. Nan mutane ke ruɗewa, su yi ta cusa na rediyo a taswira.

In babu takardar, murɗa makulli wuta ta kawo, kashe rediyon, danne maɓalli na 1 da na 6 tare (in kuma Accord mai taswira ce irin taka, saman maɓallin SEEK/SKIP da saman CH/DISC za ka danne), sannan ka kunna shi ba tare da ka saki ba. Lambar jikin rediyon za ta fito kashi biyu, rubuta duka. Da ita da lambar shasi mai harafi 17 da ke ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba, ake nemo CODE ɗin a shafin Honda, sai dai na motocin Amurka ne kuma yana tambayar adireshin can.

Abin da na fi gani a wajen masu wayarin shi ne, lambar ta rediyon ce, ba ta motar ba. Idan an taɓa musanya rediyon tun a Kwatano, takardar durowa ba za ta yi maka komai ba, sai an bi ta lambar jikinsa, wani lokaci har sai an zaro shi an karanta ta baya.

In ka samu, rubuta ta a wayarka. Gaba kuma in za a canza batir, ka ce mai wayarin ya jona wani da waya kafin ya kwance tsohon.