Ko miyar kayan lambu tana sa ƙiba?

'Yar'uwa, kin tambaya ko miyar kayan lambu ta dace da mai son rage ƙiba, da kuma yawan kalorin da ke cikinta (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki). E, ta dace. Kofi ɗaya na wadda aka yi da karas, kabeji, tumatir da albasa, mai romo-romo, yakan tsaya tsakanin kalori 50 da 100, domin galibinta ruwa ne. Ga shi tana cika ciki, tana ba jiki bitamin A da C, sai dai furotin ɗinta, wato sinadarin gina jiki, kaɗan ne, don haka idan ita kaɗai za ki sha, ki watsa mata ɗan wake.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen mai. Babban cokali ɗaya na mai yana da kalori kusan 120, wato ya fi kofin miyar gaba ɗaya. Ni ma na daɗe ina kwarara shi da ido ina mamakin me ya hana nauyina sauka, sai da na koma aunawa da cokali. Amma kada ki cire shi ƙaf, domin sai da ɗan maiƙo jiki ke iya tsotse amfanin da ke cikin karas ɗin sosai.